Shaidar Buhun Kawu Arzika

Shekarar da aka kawo injin huda kati ofishin ƙungiyar manoma na Gusau, wato 1977, Sahabi ya yi wani alkawari a Bungudu wanda da ya fara zama gaban injin ya dubi maɓallansa, da bai yi shi ba.

Bayan farin da aka sha a shekarun baya, an gina wa ƙungiyar sito a Bungudu da Tsafe. Manomi ya kai dawarsa ko geronsa a zuba magani a ajiye masa, ya riƙa ɗiba in buƙata ta taso. Mutane suka karɓi abin fiye da yadda aka zata, har aikin ya fi ƙarfin akawu, sai aka ce a miƙa shi ga wata kwamfuta da ke Kaduna. Wani injiniya a can, Malam Tukur, ya ƙago ɗan ƙaramin harshe da masu sito za su riƙa yi mata magana da shi. Ba shi da wuya: suna, sai alamar aiki, sai lamba. In aka rubuta JATAU + 3, Jatau ya kawo buhu uku. In aka rubuta JATAU - 2, ya ɗebi biyu. Tauraro, wato *, na ninka buhu da nauyinsa ne, karkatacciyar sanda kuma, wato /, ta rabawa ce in mai hatsi ya rasu magada suka zo. Mai sito ya rubuta da fensir a takarda mai gida-gida, a kawo Gusau a huda a kati, jirgin ƙasa ya kai Kaduna, kwamfuta ta maido wa kowane manomi 'yar takardarsa ta shaidar ajiya.

Abu guda Malam Tukur ya bar wa Sahabi, tun da shi ne akawun da aka tura kwas kuma shi ya san manoman: ya yanke waɗanne alamomi za a yarda su shiga cikin suna, waɗanne za a keɓe wa aiki. Ya ce a aiko masa da amsa kafin a fara yankan gero.

To, a taron da aka yi a gindin bishiyar bedi da ke bakin siton Bungudu, wani dattijo ya ɗaga hannu ya tambayi yadda inji zai bambance Mamman da Mamman, alhali a unguwarsu kaɗai in ka kira Mamman rabin masallaci zai waiwayo. Sahabi kuwa lokacin kwas bai huce masa a kai ba. Ya ce ai wannan mai sauƙi ne, yadda ake bambance buhunansu haka za a yi. Kowane manomi yana da shaidar da yake zanawa a buhunsa da shuni ko gawayi, wadda ya gada, wadda ko jikansa ya hango ta a kan jaki ya san hatsin gidansu ne. Ya ce shaidar kowa za ta shiga inji a jikin sunansa, ta fito a takardarsa, ko wanda bai yi boko ba ya ga tasa ya gane. Aka yi ta sa masa albarka. A sahun gaba akwai Kawu Arzika na Rawayya, yayan mahaifiyarsa, wanda ya riƙe shi tun rasuwar ubansa ya kuma sa shi makaranta. Sai Kawu ya juya ya dubi na kusa da shi ɗaya bayan ɗaya, don su tabbata sun san ɗan wane ne ke magana.

Shaidar Kawu Arzika zane biyu ne, ɗaya a tsaye ɗaya a gicciye. Shi mararraba yake ce mata. A maɓallan inji kuwa ita ce alamar ƙari.

"Malam Sahabi, in kallo ne zai haifo sabon maɓalli, da tuni an yi suna," in ji Huseina, wadda aka ɗauka aikin huda katin a ofishin Gusau. Tana tsaye da kati a hannu tana jira ya tashi mata daga kujera. "Tun safe kake nan."

"Bari in gwada abu guda."

"Jiya ma guda ka ce."

Ya sa ta buga ARZIKA+ + 3. Ta sunkuyo daga tsaye ta buga, ta zaro katin ta ɗaga shi sama tana leƙa shi ta cikin hudojin.

"To ga shi. Arzika, a ƙara, a ƙara, uku. Mene ne za a ƙara na farkon? Iska?"

"Na farkon ba ƙari ba ne, sunansa ne."

"Ni na sani, kai ka sani. Ita wa zai gaya mata? Kai da bakinka ka ce ba ta da hankali, abin da ta gani shi take yi."

Sahabi ya ce za a kafa doka: alamar da ke manne da suna ta suna ce, wadda aka bar wa fili gaba da baya ta aiki ce. Huseina ta yi dariya har sai da ta dafa tebur. Ta jawo takardar gwaji da mai siton Tsafe ya aiko ta shimfiɗa masa. An rubuta ta ne a kan gwiwa, a bisa buhu, da guntun fensir. Haruffa sun hau juna, wasu sun tsallake gidajensu, ga tabon goro a gefe.

"Nuna mini fili a nan," ta ce. "In ya rubuta ARZIKA+3, kawunka ne mai shaida aka manta da aikin, ko wani Arzikan ne ya kawo buhu uku? Ni zan zauna in yi duba? Ran da hatsin wani ya koma na wani, ba kai za a zo nema ba, 'yar da ta huda za a ce."

Ya tashi ya ba ta kujerarta. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne tun a Kaduna an koya masa wannan, ya ma ci jarrabawa a kai. Amma a Bungudu, da idanu suka yi masa caa, bai tuna da kowane maɓalli ba.

Da hantsi ya tafi gidan waya ya nemi a haɗa shi da Kaduna. Ya daɗe a benci kafin a kira shi, layin kuma yana ta ƙara kamar ana suya.

"Injiniya, in aka bar alamomin ga sunaye fa, aikin kuma a rubuta shi da kalma? A ce DA maimakon ƙari, SAU maimakon tauraro."

"Zai yiwu," in ji Malam Tukur. "Amma sai na warware sashen da ke karanta katin gaba ɗaya na sake ɗinkawa. Ba zan gama ba sai an shigar da dawa. Kuma lokacin da aka ba mu a kan kwamfutar ba namu ba ne, in ba mu shirya ba wasu za a ba. Wai mutum nawa ne shaidarsu ta yi kama da maɓallan?"

Sahabi ya lissafa su a ransa. Ba su da yawa. Mai mararraba, mai tauraro, wasu masu sanda, wata tsohuwa mai layi biyu irin na alamar =. Sauran duk ƙafar kaza ce, da da'ira mai ɗigo, da tsani, da wutsiyar kunama, abubuwan da wanda ya ƙera injin bai taɓa mafarkinsu ba.

"Kana ji na? Wa ke damun ka a ciki?"

"Kawuna ne. Shi ya rene ni."

"Haba, ka faɗa tun farko mana! Mutum ɗaya ba matsala ba ne. Sai in gaya mata duk inda ta ga ARZIKA da ƙari a manne, suna ne, ta haɗiye shi haka nan. Sauran Arzikokin a ba su lamba. Aikin yamma ɗaya ne. Ba wanda zai sani sai ni da kai da mai huda."

"Mutum ɗaya kawai?"

"Ɗaya. In ka kawo mini biyu, gobe goma ne, daga nan kuma ba harshe nake rubutawa ba, sunayen dangi nake jerawa. Ka yi shawara ka aiko."

Sahabi ya fito daga gidan waya da nauyin da ya fi wanda ya shiga da shi. Da Malam Tukur ya ce ba zai yiwu ba, da an huta. Sai ya je Rawayya ya ce inji ya ƙi, kowa ya zagi inji a tashi. Yanzu kuwa inji ya yarda, saura shi.

Ranar kasuwar Tsafe ya hau babur ya je duba sito. Bai gama kafe babur ɗin ba sai ga Labbo, wani manomi daga 'Yandoto, dogo mai murya kamar ta sanƙira, ya taho da mutane a bayansa.

"Malam akawu! An ce tauraro na yana cikin injinku tun daga Turai. Haka ne?"

"Akwai tauraro, amma..."

"Kun ji ko! Ni na hwaɗa muku, shaidar gidanmu ba ta yau ba ce." Ya durƙusa ya zana tauraron a ƙasa da yatsa. "Wanga ne ko?"

"Shi ne. Sai dai aiki yake yi a ciki, Baba Labbo. Da shi ake ninkawa."

"To shi ninka mana, wa ya hana shi? Shi yi aikinai, in ya gama shi zo shi zauna ga sunana."

Kafin Sahabi ya sami bakin bayani, sauran sun durƙusa. Nan da nan gaban sito ya cika da zane. Kowa yana jan hannun rigarsa ya zo ya ga tasa. Wani mai ƙafar kaza ya ce a nuna masa yadda tasa za ta fito. Sahabi, don ya sami mafita, ya tsuguna ya zana harafin Y, ya ce ga mafi kusa.

Mutumin ya daɗe yana kallo. "Yatsa biyu?"

"Inji ba shi da mai uku."

"Kaza mai yatsa biyu, Malam, ai sai dai a yanka ta. Wagga ba tawa ba ce."

Aka fashe da dariya, har da masu awo na rumfar gefe. Wani ya ce a yi wa mai kunama, a gani ko za ta fito da wutsiya. Labbo ya ɗaga murya bisa ta kowa.

"Ku bar yaro shi yi aikinai. Mu da injin ya sani, ni da Arzika na Rawayya, an gama da mu. Ku sauran ku yi haƙuri, ba laihinai ba ne kakanninku sunka zaɓi kaza." Ya juyo ya dafa kafaɗar Sahabi. "Ko ba haka ba? In an sa ta kawunka, ai an sa tawa."

Ya faɗe ta ne da fara'a, ba da wata manufa ba, amma mutanen suka zuba wa Sahabi ido suna jiran amsa. Mai ƙafar kaza yana tsugune har yanzu, ya sa tafin hannu ya share Y ɗin da Sahabi ya zana a gefen tasa.

"Ba a gama yankewa ba tukuna," in ji Sahabi.

A hanyar komowa ya riƙa yi wa babur faɗa kamar shi ya yi alkawarin. Wa ya aike shi? An tambaye shi Mamman da Mamman, da ya ce za a duba, shi ke nan, kowa ya tafi gida. Ga shi yanzu dattawa suna jan rigarsa a kasuwa saboda wata 'yar alama da ba ta kai ƙwayar gero ba. Kusa da Kwatarkwashi wata dabara ta faɗo masa, har ya rage gudu. Harafin X fa? Harafi ne, inji ba ya aiki da shi, ba sai an roƙi kowa alfarma ba. Kuma zane biyu ne da suka gicciye juna. Mararraba ce, ta ɗan kishingiɗa kawai.

Washegari da la'asar ya isa Rawayya. Ya tarar da Kawu Arzika a zaure yana ɗinke bakin wani tsohon buhu da basilla, ga kaskon shuni a gefe. Suka gaisa, aka tambayi mutanen Gusau ɗaya bayan ɗaya, Inna Yelwa matar Kawu ta aiko da fura. Sai da Sahabi ya sha ya ajiye ludayi sannan ya zaro takarda ya rubuta ARZIKAX da manyan haruffa ya miƙa.

Kawu ya nisanta takardar da idonsa, ya karkata kai, ya miƙe shi.

"Wagga ta Buba ce."

"Kawu, taka ce, ta ɗan..."

"Ta Buba ce, na ce. Ranar da tsohonmu ya raba muna gona, ni ya ba tsayayya don ni ne babba, ya kwantar da ita ya ba Buba. Buhunanai na nan cikin sitonku, je ka duba. Kai ɗan gidan nan ne ko baƙo?"

Sahabi ya tuna. Ya sha ɗaukar buhunan Kawu Buba yana yaro, ya san kwantacciyar mararrabar sarai. Kansa ne ya cika da maɓalli har ya manta.

"To Kawu, gaskiyar magana ita ce tsayayyar tana da aiki a cikin injin. Da ita ake ƙari. Duk wanda ya kawo buhu, ita za a rubuta tsakanin sunansa da yawan abin da ya kawo."

Basilla ta tsaya.

"Duk wanda ya kawo?"

"Kowa."

"Har Labbo na 'Yandoto?"

"Har shi."

"Wato shaidar ubana za ta hito ga takardar kowane mai jaki daga nan har Tsahe, ni kaɗai ne ba za ta hito ga sunana ba."

"Za ta fito a taka ma, amma a matsayin..."

"A matsayin ta kowa." Kawu ya ajiye buhun. "Wa ya ba su? Ni dai ba a tambaye ni ba."

"Kawu, ba daga gare ka suka ɗauka ba. Alamar lissafi ce, duk duniya da ita ake yi. Tun ina aji ɗaya..."

"Awo, aji ɗaya. Ni na kai ka, bisa jakin da ke ɗauke da buhu mai wagga shaida. Ba ka ce mani ta duniya ce ba ran nan."

Sahabi ya gyara zama. Ya yi bayani a hankali. Ba wanda zai taɓa buhu. Buhu nasa ne, ya zana mararraba ko goma. A takarda ne kawai za a sa lamba a jikin suna, ARZIKA7 ko makamancin haka, kuma mai sito zai karanta wa kowa tasa.

"Lamba ta mota ce da ɗan kaso," in ji Kawu. "Kuma in mai sito ya karanta mani ƙarya hwa? Da idona nika gane kayana, ba da bakin wani ba. Kai ka tsaya gaban mutane ka ce kowa zai ga tasa. Ni ban roƙe ka ba. Da munka taso daga taron nan, har gida mutane sunka biyo ni suna yi mani barka." Ya ɗauki basilla ya sake ajiyewa. "Tambaya guda zan yi maka, Sahabi, kuma kada ka yi mani ta 'yan boko. Injin ne ba ya iyawa, ko kai ne ba ka so?"

Ga ƙofa a buɗe, an ma riƙe masa ita. In ya ce inji ne, Kawu zai yi tsaki ya zagi Turawa, gobe a ci tuwo tare. In ya koma Gusau ya ce wa Malam Tukur a yi, Kawu zai riƙe takardarsa da mararraba a jikin suna ya nuna wa duk Rawayya, kuma daga Rawayya zuwa 'Yandoto labari ba ya kwana biyu a hanya.

"Zai iya," in ji Sahabi. "Na mutum ɗaya zai iya. An ce in ina so a yi maka."

"To?"

"Labbo fa? Da mai ƙafar kaza, da sauran? Su ma na yi musu alkawarin."

"Su sunka rene ka?"

"A'a."

"To mi ya kawo su cikin maganata?"

Duk amsar da Sahabi ya auna sai ya ji ta yi kama da wa'azi, kuma ba ya jin yana da bakin yi wa wannan tsoho wa'azi a zaurensa. Daga cikin gida Inna Yelwa ta ɗaga murya ta ce in sun gama rabon gadon alamar, a miƙo mata ƙwaryarta.

Sahabi ya koma Gusau bai ce e ba, bai ce a'a ba. Kwanakin da suka biyo baya Huseina ta sha fama da shi. Ya rubuta amsa ya yage. Ya ce ta buga masa ARZIKA+ a kati don ya ga yadda zai yi kama, ta buga, ya sa a aljihu, ya fito da shi, ya mayar.

"Malam Sahabi, katin nan ƙirga mini shi ake yi," ta ce. "In kawunka ne, a yi masa mana. Ni ba zan faɗa ba. Wa ya taɓa shiga wuta don alamar ƙari?"

"In an yi masa, me zan ce wa Labbo?"

"Ka ce inji ya ƙi."

"Inji bai ƙi ba."

"To kada a yi masa."

"Shi ya rene ni, Huseina."

"Wayyo ni! To a yi masa rabi, a sa tsayayyen zanen a bar na gicciyen." Ta juya ga injinta. "Gero dai ya nuna, ba zai jira ku ba."

Abin da ya hana shi sakat ba zaɓin ba ne kaɗai. Ya kasa gane dalilin kansa. In ya ƙi, don adalci ne, ko don tsoron a ce akawu ya yi wa kawunsa alfarma? In tsoro ne, to ya sayar da tsohon da ya rene shi don ya tsare sunansa, wannan kuwa ba abin yabo ba ne ko da sakamakon ya yi daidai. Ya juya abin ta kowace fuska bai ga inda zuciyarsa ta fito fes ba. Daga ƙarshe ya gaji da binciken kansa, ya ga cewa ko dalilinsa mai kyau ne ko maras kyau, mai ƙafar kaza dai zai tsaya a layi a bakin sito kamar yadda Kawu zai tsaya, kowa da takardarsa a hannu.

Ya zauna ya rubuta wa Malam Tukur: suna haruffa ne da lamba kawai, ƙari, ragi, tauraro, sanda da layi biyu na aiki ne, ba sa shiga sunan kowa. Ya tsaya, ya tuna da Kawu Buba, wanda shaidarsa harafi ce, za ta shige ba tare da an roƙi kowa ba, haka ma masu da'ira marar ɗigo, mai kama da harafin O. Ya ƙara layi: kada a sa shaidar kowa a jikin suna, ko da inji zai karɓa, kowa lamba. Yana rubutawa yana sane cewa wannan layin na biyu bai san ko na adalci ba ne ko kuwa wata alfarmar ce ya yi wa Kawu Arzika ta bayan gida, don kada ƙane ya samu abin da wa ya rasa. Ya bar shi haka. Ya kai tasha da kansa ya ba mai kula da jakar wasiƙu.

Sai da ya sake tara mutane a Bungudu da Tsafe ya janye maganarsa. Labbo ya yi ta faɗa har rawaninsa ya kwance, ya ce an sace masa tauraro da rana tsaka, sannan ya tambayi lambar da za a ba shi, ya ce in ba ɗaya ba ce ba ya so. Mai ƙafar kaza ya karɓi lambarsa ya sa aka maimaita masa sau biyu. Kawu Arzika bai zo taron ba.

Ya zo ne ranar da aka buɗe siton Bungudu don sabon gero. Sahabi yana bakin ƙofa yana nuna wa mai sito yadda zai cika gidajen takarda, sai ya hango jakuna suna tahowa ba kaya a bayansu, Kawu a gaba da sandarsa. Mutane suna shigo da hatsi, shi ya zo fitar da ragowar dawarsa ta bara.

Sahabi ya tare shi ya durƙusa ya gaishe shi. Ya ce, "Kawu, rumbun gida ƙwari za su cinye ta kafin bazara. Ka bar ta a nan. Ni da kaina zan riƙa karanta maka takardar."

Kawu ya amsa gaisuwar cikakkiya, ya tambayi gajiya, ya tambayi aiki, kamar yadda ake yi wa ma'aikacin da aka turo daga Sakkwato. Sannan ya wuce ciki. Bai nemi mai sito ya duba masa komai ba. Ya bi layin buhuna yana taɓa nasa da kan sanda, masu dako suna fitarwa, har aka ɗaure na ƙarshe.

Mai sito ya matso da fensir a kunne, ya rage murya. "Malam Sahabi, yaya zan rubuta? Ba a ba shi lamba ba."

"Ba shi ta gaba. Sa ragi, sa yawan buhun."

Kawu ya ja akalar jakin gaba, ya tsaya daidai inda Sahabi yake.

"Malam akawu," ya ce, "an sallame ni, ko akwai inda zan dangwala?"

"Babu, Kawu. An sallame ka."

Ya kaɗa jakunansa suka kama hanyar Rawayya. Na bayansa a layi ya riga ya sauke buhu a kan sikeli yana faɗin sunansa da ƙarfi, Mamman, mai sito kuma yana tambayar wane Mamman ɗin, lamba nawa.